Tukunyar Irin Kaka

Makon jiya na buɗe wani buhun shinkafa da aka manta a lungun sito, jingine da bango tun tsakiyar damina. Ina kwance bakinsa wari ya bugo ni, warin fumfuna mai ɗan tsami, irin wanda ke maƙalewa a maƙogwaro. Yarana suka toshe hanci suna dariya. Ni kuwa sai da na nemi bakin turmi na zauna. Rabona da jin wannan wari da ƙarfi haka tun ina 'yar shekara goma sha ɗaya, a tsakar gidanmu, a wani ƙaramin ƙauye gabas da Haɗeja, dab da fadama.

Mu biyar ne a gidan: Baba, Inna, ni, ƙanwata da ke goye a lokacin, sai Kaka, mahaifiyar Baba. Gonarmu biyu. Ta tudu yashi ce, ba ta da faɗi, gero da wake take ba mu, kuma ko a shekara mai kyau ba ya kai mu ƙarshen bazara. Ta fadama ita ce ke riƙe da gidan.

Idan ba ka tashi a bakin kogin nan ba, da wuya ka gane yadda ruwa yake da alkawari a wancan zamani. Da ruwan sama ya sauka sau biyu ko uku, ƙasar fadama ta yi laushi, sai Baba ya watsa iri. Shinkafa ta tsiro, ta kama ƙasa, ta kai tsayin gwiwa. Sannan kogi ya cika ya fara malalowa, a hankali, yau idon sawu, jibi ƙwauri. Shinkafarmu ja ce, doguwa, kuma halinta shi ne duk yadda ruwa ya hau ita ma sai ta hau, kanta kullum yana sama. Da kaka ta yi ruwa ya ja baya, a yanke ta. Da rani kuma fadamar ta bushe ƙayau, ta tsattsage, shanu su shiga su cinye abin da ya rage. Haka na buɗe ido na gani.

Iri kuwa aikin Kaka ne, babu mai sa mata hannu. Ta ce daga hannun mahaifiyarta ta karɓe shi, ita ma mutanenta da shi suka taso daga wajen Tafkin Chadi. Kafin a fara yanka, ita ke shiga gona da 'yar wuƙarta tana zaɓen zangarniya ɗaya-ɗaya, masu nauyi, waɗanda tsuntsu bai taɓa ba. Ta shanya su kwana da kwanaki, tana ɗaukar ƙwaya tana gwadawa da haƙori, sai ta ji ta fashe ƙaras sannan ta yarda ta bushe. Ta cuɗa da toka da busasshen ganyen darbejiya, ta zuba a tukwane biyu, ta kife sakaina a bakin kowacce, ta liƙe da yumɓu da kashin shanu. Ɗaya ta shukar bana, ɗaya ta ko-ta-kwana. Suna zaune bayan gadonta a kan duwatsu uku-uku, don kada gindinsu ya taɓa ƙasa.

Ni ce 'yar ɗakinta, ƙawata take ce mini. Wata rana ta jiƙa ƙwaya ɗaya, ta ɓare ta da farce, ta nuna mini wani ɗan farin ɗigo a gefen gindinta.

"Kin ga wannan? Shi ne yaron. Sauran duk guzurinsa ne. Ba matacce ba ne, barci yake yi, yana numfashi kaɗan-kaɗan. Idan danshi ya shigar masa, sai ya zaci damina ta sauka. Ya farka a cikin duhu, ya cinye guzurin, ya mutu ba wanda ya sani."

Kowace bazara mukan yi gwaji. Ta ƙirga ƙwaya ashirin a kan jiƙaƙƙen tsumma, ta sa a ƙoƙo, ta rufe da faifai. Ni ke yayyafa ruwa safe da yamma. A kwana na uku ko na huɗu sai wani farin zare ya leƙo. Saiwa ce ke fara fitowa, ganye daga baya. Nakan juya ƙwayar saiwar ta dubi sama don in ga abin da za ta yi, washegari in iske ta lanƙwaso ta nufi ƙasa. Ko sau nawa na juya ta, sai ta koma. Kaka takan yi dariya ta ce in bar wahalar da baiwar Allah, ta fi ni sanin inda za ta. A shekarun lafiya, sha tara ke tsirowa, wani lokaci duka ashirin.

Ban san ranar da ruwa ya fara saɓa alkawari ba. Manya suna cewa tun da aka datse kogi can sama, ana sako ruwa lokacin da aka ga dama, abin ya fara lalacewa, sai dai a hankali ya iso wajenmu. Abin da na gani da idona shi ne rani ya zo fadama ba ta bushe ba. Ruwa ya kwanta, ba zurfi, ba gudu, ɗumi-ɗumi kamar wanda aka sirka. A bakinsa wata doguwar ciyawa ta fara fitowa, ganyenta kamar takobi, kanta kamar gasasshen tsire mai launin ƙasa. Mu yara muna son ta. Mukan karya kan mu murza, ya tarwatse ya zama farar auduga, iska ta kwashe, muna bi muna tsalle. Ba mu san kowane silin audugar nan iri yake ɗauke da shi ba. Sunanta kacalla.

A shekarar farko Baba ya watsa tukunya guda kamar yadda ya saba, a ɗan filin da ya rage. Shinkafar ta fito, amma kacalla ta fi ta sauri, ta rufe ta da inuwa. 'Yar wadda ta yi ƙoƙari ta fid da kai, tsuntsayen jan-baki suka sauko mata. A cikin kacallar suka yi gida, dubbai, idan sun tashi sai rana ta dusashe. Ni da Inna muka wuni muna kaɗa gwangwani har muryarmu ta dishe. Ko zangarniya ɗaya ta iri Kaka ba ta samu ba. Maƙwabtanmu ma haka. Waɗanda ke da 'yan'uwa a Birniwa ko Malam Madori suka fara ɗaure kaya.

Tukunya ɗaya ta rage a bayan gado.

Baba ba mai yawan magana ba ne, kuma ba mai saurin karaya ba. Ya wasa adda ya shiga. Ya sare, bayan sati biyu ta toho, ta fi da kauri. Ya bari saman ya bushe ya cinna wuta, hayaƙi ya rufe ƙauye wuni guda, bayan kwana goma kore ya fito daga cikin toka. Ya kawo garma ya tona, sai ya ga abin da yake faɗa da shi. Ya zo da guda gida ya jefar a tsakar gida don mu gani: saiwa fara, kaurin damtsen yaro, gaɓa-gaɓa, tana tafiya a kwance cikin laka, kowace gaɓa da idonta na toho. Ya ce ya bi ta ya fi taku goma bai ga ƙarshenta ba. Duk abin da muke gani a sama, ashe gashi ne kawai. Jikin yana ƙasa, a haɗe, daga gonarmu har gonar wanda ba mu sani ba. In ka datse ta gida biyu, ka yi mata shuka ne.

A bazarar nan Kaka ta fasa liƙin tukunyar, ta shanya irin wuni guda, muka yi gwaji. Sha huɗu suka tsiro. Ta daɗe tana duban ƙoƙon. Da Baba ya dawo ta tare shi a ƙofar ɗakinta. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.

"Yaron nan, irin ya fara gajiya. Baɗi in ba a sa shi a ƙasa ba, ban san abin da zai rage ba."

"Zan buɗe masa wuri, Iya," in ji Baba. "Ko faɗin tabarma goma ne."

Ta mayar da irin, ta liƙe da sabon yumɓu. A tudu ba zai yi ba, yashi ba ya riƙe masa ruwa. Sai jira.

Daminar da ta biyo baya ita ce ba na son tunawa. Geron tudu ya ƙare tun kafin a yi noman farko. Kifi ma ya yi wuya, don kacalla ta toshe hanyar jirage, ba inda za a jefa taru. Muka koma ga tafasa da rama, ba ƙuli, ba mai. Kaka da Inna sukan shiga ruwa har ƙirji su tsinko 'ya'yan bado, a shanya, a daka, a yi wani tuwo mai warin laka wanda ba ya zama a ciki. Ruwa ya taso ta ƙarƙashin gidaje. Bangon ɗakin Kaka ya yi baƙi har tsayin kugu, tabarma kullum a jiƙe. Sauro kuwa ko da rana ba ya hutawa. Nonon Inna ya ƙafe, aka yaye ƙanwata dole. Ta daina tafiyar da ta fara, ta koma zama, wuyanta ya yi siriri, kukanta ba sauti.

Sau ɗaya na ji Inna ta yi maganar tukunyar. Ta durƙusa a bakin ƙofa da yarinyar a cinyarta.

"Iya, ko rabin mudu ne. Saboda wannan."

Kaka ba ta ɗago ba. "In na buɗe ta a cikin wannan danshin, ba rabin mudu za mu rasa ba, duka ne. Kuma wanda ke tsaye cikin ruwa tun safe, me zan ce masa yake sarewa dominsa?"

Inna ta ɗauki yarinyar ta tashi. Daga ranar Kaka ta riƙa raba nata tuwon biyu, rabi a dama wa yarinyar. Kada ka ɗauka muguwa ce. Ni na ga yadda zane ya riƙa yi mata yawa.

Yanzu na zo inda na daɗe ban gaya wa kowa ba. Wata rana da hantsi, Baba yana fadama, Kaka da Inna sun tafi bado, an bar ni da yarinyar tana barci. Yunwa irin wadda ke sa kunne ƙara. Na shiga bayan gado na zauna kusa da tukunyar, ba da niyyar komai ba, ko haka nake gaya wa kaina. Ta gefen da ke duban bango yumɓun ya ɗan tsage. Na sa tsinke, na sa yatsa, gefen sakainar ya ɓalle. Hannuna ƙarami ne, ya shige. Na damƙo cikin tafi guda, na je bayan gida na murje shi tsakanin duwatsu biyu, na hure buntun, na tauna ɗanye, da toka da komai. Ban ba ƙanwata ko ƙwaya ɗaya ba. Ban ma tuna da ita ba sai da na haɗiye.

Na yago gefen tsohon zanena na cusa a ramin, na kwaɓa laka na shafe a kai. Ɗanyar laka, mai ɗiga. Na san abin da Kaka ta gaya mini game da danshi, kalma da kalma na sani. Na ce wa kaina sau ɗaya ba zai yi komai ba. Bayan kwana uku na koma. Ban san sau nawa na koma ba a daminar nan. Abin da na sani, hannuna ya riƙa nitsewa har gwiwar hannu kafin ya taɓa iri, kuma ƙwayar da a da take fashewa ƙaras ta koma tana lanƙwasa a haƙori. Tsoro ya kama ni, na daina.

Ƙanwata ta rasu ana saura kwanaki kaɗan gero ya nuna. Zazzaɓi da gudawa, kwana huɗu. Tsohuwar maƙabarta ruwa ya cinye ta, sai can tudu aka kai ta, kusa da gonarmu. Washegari Baba ya ɗauki addarsa ya koma ruwa. Mutane suka yi ta magana, amma ina jin bai san wani wurin da zai kai kansa ba.

Wani tsohon masunci ne ya nuna masa inda yake kuskure. Baƙo ne da ya zo daga gabas, Hausarsa da karin Barebari, yana gyaran taru a gindin tsamiya tunda ba wurin kamun kifi. Na kai wa Baba ruwan sha na iske su tare. Tsohon ya yanki ganyen kacalla, ya nuna mana cikinsa, duk ƙananan ramuka kamar soso. Ya tsoma gefe ɗaya a ruwa, ya hura ɗaya gefen. Kumfa ta ɓuɓɓugo.

"Ka gani, ɗana? Ta nan take shaƙar iska ta aika wa saiwar can cikin laka. Kai kana sare ta a sama da ruwa, ka bar mata hanci a waje. Sare ta a ƙasa, ruwa ya rufe kututturen. In ta toho, ka sake. Sau uku, sau huɗu. Ita ma tana nitsewa kamar mutum."

Rani guda Baba ya yi a sunkuye, hannunsa da lauje a ƙarƙashin ruwa, yana yanka abin da ba ya gani. Ganyen ya tsattsaga masa hannu. Matsattsaku suka riƙa manne masa a ƙafa, yana dawowa Inna ta sa musu toka su faɗi. Tafin ƙafarsa ya yi fari ya ruɓe. Ya fara fitsarin jini, tsargiya, ya ɓoye, sai da Inna ta gani a wandonsa. Amma maganar tsohon gaskiya ce. Bayan yanka na uku ruwan wurin ya yi baƙi, yana wari, saiwoyi suka riƙa tasowa a ruɓe, ka taɓa su narke. Shi da wasu maza uku da suka rage a ƙauyen suka buɗe wata tsohuwar magudana, ruwan ya ja. Da bazara ta yi, ga fili nan, baƙar laka a buɗe tana duban sama, ya fi tabarma goman da ya yi alkawari nesa ba kusa ba. Ranar na ga haƙoran Baba a karon farko tun rasuwar yarinyar.

Da safe aka fito da tukunyar tsakar gida. Baba ne ya ɗauko ta, na ga ya ɗan tsaya, ya jinjina ta a hannu. Kaka ta zagaya ta bayanta, ta tsaya. Ta sa hannu ta zare tsumman, ta dunƙule shi ta soke a haɓar zanenta, sannan ta ɗauki dutse ta farfasa liƙin gaba ɗaya da sauri, yadda ba wanda zai gane inda aka taɓa. Ba ta dube ni ba.

Sai warin ya fito.

Saman duk ya dunƙule ya yi baƙi, da farin gashi-gashi a kai. Da ta ɗago dunƙulen, muka ga saiwoyi sirara sun sarƙe da juna, sun bushe, rawaya-rawaya. Sun farka a cikin duhu, kamar yadda ta ce, sun miƙa ƙafa suna neman ƙasa, babu. Abin da ke tukunyar bai kai rabi ba.

"Liƙin ne bai kama ba," in ji Kaka. "Hannuna ya tsufa. Ɓera ma ya samu hanya."

Na ƙasan yana da kyan gani. Ta shanya shi, muka yi gwaji. Na yayyafa ruwa safe da yamma, ina addu'ar da ban taɓa yin irinta ba. Kwana bakwai, ƙwayoyin suka kumbura, suka yi yauƙi, suka yi tsami. Ta sake ɗibar ashirin daga can gindi. Biyu suka leƙo da ɗan fari, suka tsaya nan.

Baba ya ce tsumma daban, ƙasa daban. Ruwa na sauka ya je ya watsa shi duka.

Kullum da sassafe nake zuwa dubawa. A kwana na tara na hango wani kore-kore a kan lakar, siriri, ko'ina, kamar an barbaɗa. Na zo gida a guje ina cewa ya tsiro. Baba ya riga kowa isa. Ya tsuguna a bakin filin, yana shafa tsiron da bayan hannunsa, yana hamdala. Kaka ta iso daga baya tana dogara sanda. Ta sunkuya da ƙyar, ta tona ɗaya da yatsa, ta ɗauraye saiwar a ruwan kwari, ta kawo kusa da idonta. Ta tona na biyu, na uku. Tsiron shinkafa, in ka tuge shi yana ƙarami, za ka iske ɓawon ƙwayar manne a gindinsa. Waɗannan ba su da komai.

"Yaron nan," ta ce, "tashi mu je gida."

Kacalla ce. Irinta ne da iska ta zubar shekara da shekaru, yana kwance cikin laka yana jiran haske. Iyayen sun rufe shi da inuwa, ya kasa tashi. Baba ya kashe iyayen, ya buɗe masa rana.

Bai tashi ba. Muka bar shi a nan tsugune, har azahar.

Bai sake ɗaukar lauje ba. Bayan kaka ya tafi Malam Madori yana dako a kasuwa, ya dawo da ciki a kumbure da ƙafafu kamar turmi. Bai ga daminar gaba ba. Kaka ta bi shi bayan shekara biyu. Har ta rasu ba ta taɓa yi mini maganar tsumman ba. Ba ta daina ce mini ƙawata ba. Abu ɗaya ne ya canja: duk abin da aka zuba mata, sai ta tura mini rabi, ta tsare ni da ido har in cinye. Da duka ta yi mini, da ya fi mini sauƙi.

Wani kawuna ya ɗauke mu ni da Inna zuwa Haɗeja, ya sa ni makaranta. Yau ni ke koyar da yara 'yan firamare. Kowace shekara mukan shuka wake a gwangwanin madara, in nuna musu saiwa tana fara fitowa, su zana a littafi. Yanzu shinkafa ta fi ta wancan zamani yawa a ƙasar nan. Gajera ce, fara, ana noma ta da injin ban-ruwa har da rani, irin kuma a buhu ake sayensa duk shekara, ba mai ajiye tukunya bayan gado. Ba na cewa hakan sharri ne, yara suna ƙoshi. Amma na tambayi tsofaffi a kasuwa game da jar doguwar nan tamu. Wasu sun kawo mini masu kama da ita, ba ita ba ce. Ƙauyenmu gida shida suka rage. Gonar Baba kuwa ban iya nuna maka inda take ba, kore ne tsaye ya fi tsayin mutum biyu, har iyakar gani.

Inna tana nan a wajena, ta tsufa, ido ya yi rauni. Bara, muna zaune muna tsince wake da la'asar, ban san abin da ya tura ni ba, na gaya mata komai. Tsinken, sakainar, ɗanyar lakar. Na gaya mata ban ba yarinyar ko ƙwaya ba.

Hannunta ya tsaya a cikin faifai.

"Ashe ke ce," ta ce. "Ni na ɗauka kakarki ce."

Ban gane ba, sai ta yi mini bayani. Ta shiga sharar ɗakin ne ta ga ɗanyar laka a jikin tukunyar. Ta zaci Kaka ce ta buɗe mata hanya a ɓoye, tunda ba za ta iya janye maganarta a fili ba. Hannunta bai shiga ba, ta ƙara faɗin ramin, ta riƙa ɗiba da ludayi tana niƙawa a dutse, tana dama wa yarinyar idan ba kowa. Shekara talatin da wani abu tana yi wa Kaka addu'a saboda wannan alherin, tana kuma ganin ita ta kashe irin, ita ta karya mijinta.

Akuya ta zo tana cin waken da ya zube, ba wanda ya kore ta.

"Ke da kika yi karatu," Inna ta ce can, "da ba mu taɓa ba, da ya tsiro?"

Na san abin da littafi ya ce. Iri mai shekara kusan uku, a irin zafinmu, a ɗakin da bangonsa ke tsattsafo da ruwa, yawancinsa da ya mutu ko ba a taɓa shi ba. Na kuma san cewa ba duka ake buƙata ba. Biyar cikin ashirin sun isa a sake tara iri.

"Da bai tsiro ba, Inna," na ce. "Ya riga ya tsufa."

Ta gyaɗa kai, ta ja faifan, ta ci gaba da laluben tsakuwa da yatsunta.